Ɗan Maraya Jos: Mawaƙin da ya yi wa karen mota kirari

Alhaji Adamu Wayya, wanda duniya ta fi sani da Ɗan Maraya Jos, mawaƙin baka ne kuma makaɗin kuntigi. An haife shi a Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1946, ya kuma rasu a Jos ranar Asabar, 20 ga watan Yuni, 2015. Ya yi kimanin rabin ƙarni yana waƙa shi kaɗai, ba 'yan amshi, ba ayarin makaɗa a bayansa, daga shi sai ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Abin da ya ware shi daga sauran manyan mawaƙan zamaninsa shi ne mutanen da ya zaɓa ya wasa. Yabon da aka saba ajiye wa sarki da attajiri da jarumi, shi sai ya kai shi tashar mota, ya miƙa wa yaron da ke kwana a ƙarƙashin babbar mota da leburan da ke jiran a biya shi ladan yini.

Bukuru, garin kuza

Ba a fahimtar Ɗan Maraya sai an san garin da ya haife shi. Bukuru ba irin Kano ko Katsina ba ne, masu ganuwa da unguwannin da kowace zuriya ta san gidan kakanninta. Ƙasa ce ta Birom, wadda haƙar kuza ta mayar da ita matattarar baƙi. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dira a kan tsaunukan Jos suna haƙar wannan ma'adini. A 1914 ƙaramar hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta iso yankin, a 1927 kuma babbar hanya ta biyo ta Kafancan ta iske Jos. Da jirgi ya samu, sai jama'a suka yi ta kwarara: Kanawa da Katsinawa da Zazzagawa da Sakkwatawa da Barebari, da mutanen Kudu masu aikin akawu da makanikanci.

Da yawa daga cikin Hausawan da suka je cin rani ne ya kai su. Mutum ya gama girbi, ya rasa kuɗin haraji, sai ya nufi bariki ya ɗauki diga da shebur, ko ya yi ta jidar ƙasa a kwanon sarki har damina ta kawo jiki ya koma gida. Wasu kuwa ba su koma ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta shiga ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas a filayen haƙa, inda sanyin dutse da yunwa da cuta suka kashe da dama. Shekaru kaɗan bayan wannan aka haifi Adamu.

Saboda haka ya buɗe ido ne a garin da ba a tambayar mutum ɗan wane ne shi, sai dai a tambaye shi aikin me yake yi. Wane lebura ne, wane helima, wane direba, wane kuku a gidan Bature, wane mai gadi. Wannan sabon tsarin rayuwa, na aikin lada da zaman haya da abokan da ba dangi ba, shi ne ya zama filin waƙarsa daga baya.

Maraici da kuntigi

Mahaifinsa makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukuru. Ya rasu ba da jimawa ba bayan haihuwar Adamu, mahaifiyarsa ma ta bi bayansa tun yaron yana jariri. Sarkin ne ya ɗauke shi ya riƙe, kuma daga nan laƙabin ya samo asali, har ya danne sunan yanka. Mutane da yawa da suka haddace waƙoƙinsa ba su san sunansa Adamu ba.

A al'adar Bahaushe kiɗa gado ne. Ɗan makaɗi yakan tashi yana ɗaukar wa ubansa ganga, ya shiga cikin 'yan amshi, ya koyi kirarin gidan da suke yi wa kiɗa da jerin sunayen kakannin ubangida, har ranar da zai gaji jagorancin ƙungiyar. Ɗan Maraya ya gaji jinin, amma mutuwa ta yanke masa wannan makaranta. Ya yi sha'awar kiɗa tun yana ƙarami, yana raɓar makaɗan gari, sai wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri tun bai balaga ba ta sauya masa alƙibla. A can ya ga masu kiɗan kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa da hannunsa. Ke nan ɗan gado ne ta wajen uba, ɗan haye ta wajen abin kiɗa.

Kuntigi kuwa ba shi da wata alfarma a cikin kayan kiɗan Hausa. Ƙoƙonsa gwangwanin kifi ne mai ɗan tsawo, a rufe bakinsa da fata, a soka siririyar sanda, a ɗaura tsirkiya guda. Yaro ma yana iya haɗa shi da abin da ya tsinta a bola. Ba ya buƙatar mai ɗauka, ba ya buƙatar a gasa shi a wuta kafin a fara, kuma mai shi yana iya shiga mota da shi a cikin riga. In aka dubi tambari ko kotso, za a ga kaya ne da sai da fada suke rayuwa, domin ƙungiyar mutum goma ko fiye tana buƙatar ubangidan da zai ciyar da ita, ya ba ta doki da riga da damman hatsi. Mai kuntigi cikinsa ɗaya ne. Wannan 'yanci na aljihu yana cikin dalilan da suka ba shi damar zaɓen wanda zai waƙe.

Kowace sana'a da gangarta

Masu cewa kafin Ɗan Maraya ba a yi wa talaka waƙa sun yi kuskure, kuma ƙasar Zamfara kaɗai ta isa shaida. Gaskiya ne nan ce matattarar manyan makaɗan fada. Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, mutumin Rawayya ne ta ƙasar Bunguɗu. Musa Ɗanƙwairo ya fito daga yankin Bakura da Maradun, Sa'idu Faru ya yi zamaninsa da Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, Ibrahim Narambaɗa kuma yana maƙwabtaka a fadar Sarkin Gobir na Isa. Amma a wannan yankin dai aka yi Kassu Zurmi mai waƙar 'yan tauri, a nan kuma Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi tashe da waƙoƙin manoma da na 'yan dambe irin su Shago da Ɗandunawa.

Tsarin a fili yake. Sarauta tana da tambari da kakaki da algaita, fada tana da taushi da kotso da jauje. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, maharba suna da komo, manoma suna da gangar noma da ke bin su har bakin kunya ranar gayya. Kowace tsohuwar sana'a tana da makaɗanta na gado da takenta da kirarinta, kuma manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun bi wannan rabe-rabe daki-daki a littattafansu kan makaɗa da mawaƙan Hausa. Mahauci ko bai ajiye ko anini ba, ya san akwai gangar da in an buga ta, da shi ake.

Waɗanda suka rasa wannan gata su ne masu sana'o'in da zuwan Turawa ya haifar. Lebura bai gaji leburanci ba, ba ya kuma fatan ɗansa ya gaje shi. Karen mota ba shi da sarkin sana'a mai rawani, ba shi da take. Mutane ne da suka baro garuruwansu, suka baro gangar gidansu a can, suka shiga aikin da ba wanda yake alfahari da shi. Alhaji Mamman Shata ya waƙe direbobi da masu motoci, ya kira su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, domin direban babbar mota a wancan zamani mutum ne mai kuɗi da farin jini. Ɗan Maraya sai ya sauko mataki guda, ya tsaya a kan wanda ke bayan motar.

Karen mota

Sunan kansa ya isa ya nuna matsayin mai shi. Bahaushe ba ya haɗa mutum da kare sai don ƙasƙanci, shi ya sa a yau aka fi cewa yaron mota ko kwandasta. Aikinsa kuwa ba shi da iyaka. Shi ke kiran fasinja, shi ke lodi da sauke kaya, shi ke ɗaure igiya da ja tamfol in hadari ya taso. In mota ta ƙi tashi shi ne mai turi, in taya ta yi faci shi ne mai kwanciya a ƙasa da jak, in an zo hawa motar ta gaza shi ne mai dirowa da gudu ya cusa weji a bayan taya kafin ta sulalo da jama'a. Shi ke nemo ruwan lagireto a rafi. Direba yana gaba a inuwa, shi yana can saman kaya, rana da ƙura da hunturu duk nasa ne. In an yi zango direba ya tafi masauki, shi ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin mota yana gadi. Abin da ke riƙe da shi duk tsawon shekarun nan shi ne begen wata rana maigida ya miƙa masa sitiyari, ya koya, ya yi lasin, shi ma ya sami nasa yaron.

Wannan mutum ne Ɗan Maraya ya yi wa waƙarsa ta farko da ta fito da shi, wadda aka sani da Waƙar Karen Mota, kuma har ya rasu tana cikin waɗanda aka fi tuna shi da su. Ya yabi waɗannan samari a kan aikin da kowa yake gani amma ba mai ƙirgawa: shigar da fasinja da fitar da su, canjin taya, turin motar da ta mutu, da sauran ayyukan datti da tafiya ba ta yiwuwa sai da su.

Nauyin abin yana ga ma'anar waƙa a wurin Bahaushe. Wanda aka waƙe ya shiga sahun mutane. Sarakuna sun san haka, shi ya sa suke ba da doki da sirdinsa saboda ɗiya biyu na waƙa, kuma attajiri yakan ji dukiyarsa ba ta cika ba in ba mawaƙin da ya ambaci sunansa. Yabo kaya ne mai tsada, wanda yake bin mai iko da mai hali. Ɗan Maraya ya ɗauki wannan kaya ya ba wanda ba zai iya biya ba. Ya kuma yi shi ta wata fuska dabam da ta makaɗan fada: su sukan waƙe mutum ɗaya da sunansa da na ubansa da na kakansa, shi kuwa ya waƙe sana'ar ne gaba ɗayanta, ta yadda duk yaron motar da ya ji, daga Jos har Sakkwato, zai ce da shi ake. Haka ya yi wa lebura, haka ya riƙa yi wa sauran masu cin abinci da guminsu.

Zamanin ma ya taimake shi. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda muryarsa ke kaiwa ko'ina a Arewa har ƙetaren iyaka. Bayan faifan garmaho sai kaset ya zo, ya shiga kowace tasha da kowane teburin mai shayi. Mawaƙin fada yana da mai sauraro ɗaya wanda in ya gamsu an gama, amma rediyo ya tara wa Ɗan Maraya dubban masu sauraro da ba su taɓa ganin juna ba, waɗanda wahala iri ɗaya ta haɗa.

Garuruwa irin Gusau suna cike da su. Tun da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Gusau ta kai Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama wurin tara gyaɗa da auduga da fata, daga baya aka kafa masaƙa, kuma duk waɗannan ayyuka na 'yan dako ne da leburori da ma'aikatan kamfani. Babbar hanyar mota da ta taso daga Funtuwa ta bi ta Tsafe da Kwatarkwashi ta shiga Gusau, ta fita ta Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara zuwa Sakkwato, ita ce jijiyar kasuwancin yankin, kuma kowace motar da ke bin ta tana ɗauke da yaro ɗaya ko biyu a saman kaya. Mutumin Bunguɗu da ya tashi da jin taushin Jankiɗi yana yabon Sarkin Musulmi, in ya zama yaron mota, a bakin wani maraya na Jos ya fara jin an ambaci aikinsa da mutunci. Kuntigin ma ya sami gida a Gusau, inda Babangida Kakadawa ya yi suna da shi.

Yaƙi, aure da halin ɗan Adam

Lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, Ɗan Maraya yana matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ya yi waƙoƙi da dama na ƙarfafa wa sojojin tarayya gwiwa, inda ya riƙa kawo hoton fagen fama kamar mai sauraro yana wurin. Ba shi kaɗai ya yi haka ba, domin kusan duk wani mawaƙi mai suna a Arewa ya ba da nasa a lokacin. Sai dai ko a nan bai yi nisa da mutanensa ba, tunda ƙananan sojojin da aka ɗiba da yawa a shekarun nan daga cikin irin waɗannan samari na tasha da kasuwa da gona suka fito.

Bayan yaƙi ne waƙarsa ta ƙara faɗi, ta koma kan zaman jama'a. Uku daga cikin waƙoƙinsa na aure sun shahara ƙwarai. Jawabin Aure ta jero illolin saki, tana jan hankalin ma'aurata su sasanta tsakaninsu. Gulma-Wuya ta fallasa mai gulmar unguwa da ke haɗa baki da boka don a raba gidajen mutane. Auren Dole kuwa ta soki iyayen da ke ɗaura wa 'ya'yansu mata aure da wanda ba sa so. Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar magana ba ce a bakin namiji Bahaushe a wancan lokaci, shekaru kafin marubutan littattafan soyayya na Kano su mayar da auren dole babban jigonsu, kafin kuma finafinan Hausa su ɗauka. Yarinyar da aka yi wa dole da yaron da ke saman mota abu ɗaya ya haɗa su a idonsa: kowannensu ana yanke hukunci a kansa ba a tambaye shi ba.

A Mai Akwai da Babu ya dubi tazarar da ke tsakanin mai hali da marar shi, da yadda jama'a ke auna mutum da abin hannunsa. A Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali ya koma kan mutum shi kansa, wanda ba a iya masa. Sunan wannan waƙa ya daɗe da ficewa daga faifai ya shiga bakin mutane, har mai faɗarsa ba ya tuna daga ina ya samo.

Salonsa

Wanda ya saba da waƙar fada zai ji ta Ɗan Maraya kamar hira ce. Babu tsofaffin kalmomin Gobirci da Zamfarci da sai an nemi dattijo ya warware, babu zambon 'yan sarki mai lulluɓi wanda sai ɗan gida ke gane wa ake nufi. Hausarsa ta bariki ce, wadda Birom da Angas da Ibo da Bayarabe mazauna Jos suke ji, tana ɗauke da kalmomin aro na mota da kamfani da ofis kamar yadda masu aikin suke furta su. Wannan ya sa wasu masu son tsantsar Hausa suke ganin bai kai su Narambaɗa zurfin azanci ba, kuma in zurfin kalma kaɗai ake aunawa suna da hujja. Amma ba da wannan mudu ya kamata a auna shi ba. Gwanintarsa tana ga lura. Yakan ɗauki ɗan ƙaramin abu da kowa ya saba gani a tsakar gida ko bakin kasuwa, ya ajiye shi a gaban mai sauraro har ya ji kunya ko ya yi dariya. Yakan kuma sa mutanen cikin waƙar su yi magana da bakinsu, wannan ya faɗa wancan ya mayar, sai waƙa ta zama ɗan wasan kwaikwayo a bakin mutum ɗaya.

Rashin 'yan amshi ma ya shafi ginin waƙar. Makaɗin fada yana samun hutu da damar tunani yayin da yaransa ke maimaita gindin waƙa. Ɗan Maraya kuntigi ne ke yi masa amshi. In ya tsaya da murya sai tsirkiya ta ci gaba da maimaita karin da aka gina waƙar a kai, in ya dawo kuma sai ta riƙa bin hawa da saukar muryarsa. Sauƙin da kunne ke ji yana ɓoye tsari mai ƙarfi, har masanin harsuna na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis a Amurka, Farfesa Russell Schuh, ya yi nazari na musamman a kan karin waƙoƙinsa uku na aure, ya kuma yi amfani da su wajen koyar da Hausa. A gida kuma Habibu Ahmed Daba ya rubuta littafi sukutum a kansa, ban da ɗimbin kundayen digiri a sassan Hausa na jami'o'in Arewa.

Mai nasiha ne ko ɗan gwagwarmaya?

Akan kira shi muryar talaka, amma kalmar tana buƙatar a yi mata iyaka. A Arewa an yi mawaƙan da suka fito fili suka yaƙi tsarin da ke danne talaka, musamman marubuta waƙoƙin jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, irin su Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu, da Gambo Hawaja wanda ya yi zamansa a Jos ɗin nan. Waɗannan sun nuna sarakuna da 'yan dokar En'e da yatsa, kuma magoya bayan jam'iyyarsu sun sha ɗauri da bulala a kan irin wannan magana. Ɗan Maraya ba a wannan layi yake ba. Galibin waƙoƙinsa nasiha ce: mai arziki ya ji tsoron Allah kada ya wulaƙanta na ƙasa, talaka ya riƙe sana'a ya guji lalaci, ma'aurata su yi haƙuri, 'yan ƙasa su zauna lafiya. Bai kuma ƙaurace wa manya ba. Ya yi waƙa a tarukan gwamnati, hukumomi sun tafi da shi ƙasashen waje a matsayin wakilin al'adun Nijeriya.

Mai neman juyin juya hali zai ce lallashi ne kawai, an shafa wa lebura mai a baki an bar shi da ladansa yadda yake. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin waƙa ba ta ƙara wa karen mota ko sisi ba. Sai dai mawaƙan NEPU da talaka suke magana a matsayinsa na mai ƙuri'a da mai biyan haraji, wato jama'a a dunƙule. Ɗan Maraya ya san shi ne a bakin aikinsa, ya san abin da hannunsa ke taɓawa daga asuba zuwa dare. Irin wannan sani ya yi ƙaranci a adabin Hausa na wancan zamani, na baka da rubutacce, kuma shi ne abin da ya sa waƙoƙinsa suka zama madogara ga mai son sanin yadda ƙananan ma'aikata suka rayu a biranen Arewa bayan samun mulkin kai.

Har yanzu ma gurbin a buɗe yake. Sana'o'in da ba su da ganga sun ƙaru: 'yan acaɓa, masu Adaidaita Sahu, 'yan ga-ruwa, masu cajin waya, da samarin da ke shiga ramukan zinariya a Anka da Maru da Bukkuyum kamar yadda kakanninsu suka shiga na kuza. Yaron motar da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Tsafe da Gusau a yau, ban da faci da turi, yana tafe ne da fargabar 'yan bindigar da ke tare hanya su kwashi matafiya zuwa daji. Mawaƙan situdiyo na wannan zamani kuwa, in aka cire kaɗan, sun fi karkata ga soyayya da 'yan siyasa da masu biki, wato inda kuɗi yake.

Girmamawa da rasuwa

Kuntigin gwangwani ya kai mai shi inda bai zata ba. Ya yi wasa a ƙasashen Afirka da Turai da Amurka, gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta, wanda ya sa a shekarunsa na ƙarshe ake kiransa Dakta Adamu Ɗan Maraya Jos.

Duk da wannan ɗaukaka bai bar Jos ba. Garin da ya tashi a cikinsa yana ganin kowace ƙabila a layi ɗaya na karɓar lada, a gaban idonsa ya rikiɗe. Kuza ta faɗi, kamfanoni suka tattara suka bar manyan ramuka cike da ruwa a kewayen Bukuru, sannan rikicin ƙabilanci da addini ya ɓarke a watan Satumbar 2001, ya sake dawowa a Nuwambar 2008 da Janairun 2010, lokacin da Bukuru kanta ta ga ƙone-ƙone da asarar rayuka. Unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa. Mutumin da Musulmi da Kirista suke ji da shi a matsayin ɗan garinsu ya ci gaba da zama a nan, sunan garin yana manne da nasa.

Ya rasu bayan jinya, a cikin kwanakin farko na azumin Ramadan na shekarar 2015, aka yi jana'izarsa a Jos. Shekara 16 ke nan bayan rasuwar Shata, wanda shi ma a watan Yuni ya bar duniya, a 1999. Waƙoƙinsa suna nan warwatse a ma'ajiyar gidajen rediyo da tsofaffin kaset-kaset da intanet, da kuma rumfunan masu tura waƙa a waya da ke bakin tashoshin mota, inda direbobi da yaransu ke tsayawa a zuba musu kafin a gama lodi.